Yadda nake haɗa zoɓo mai kayan marmari na taron mutum 50 a lokacin zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Duk wacce ta taɓa yin taro a watan Maris ko Afrilu ta san cewa a wannan lokacin mutane basu damu da shinkafarki ba kamar yadda suka damu da abin sha, baƙuwa zata shigo ta keto rana gumi har ya jiƙa mata mayafi, kina miƙa mata faranti idonta na kan kula tana jiran kice ga mai sanyi. Zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri a watannin nan yana haura digiri 40, to a irin wannan yanayin abin sha shine taron, in yayi daɗi an yaba, in ya lalace duk wahalar girkin da kikayi ba mai tunawa da ita. Shi yasa nace bari in rubuta yadda nake haɗa nawa tun daga kasuwa har zuwa kofi, na suna ko walima ko buɗa baki ko yinin biki, kuma babu garin lemo na leda a ciki, kayan marmari ne na gaske.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun yanzu kafin mu shiga lissafi, wannan haɗin aiki biyu ne ba ɗaya ba. Akwai ruwan zoɓo da aka dafa, shi yana jure kwana. Akwai ruwan 'ya'yan itace ɗanye, shi baya jurewa ko kaɗan. Ba a haɗa su sai ranar taro, kusa da lokacin sha. Ni da hawaye na koyi wannan. Shekarun baya ƙanwata ta haihu aka bar min abin sha na suna, nace bari in rage wa kaina aikin safe, na haɗa komai tun dare harda abarba da kankana da sukari na ɗura a robobi na jera a firij, cikin dare aka ɗauke wuta bata dawo ba. Wajen azahar muka buɗe roba ɗaya sai ji mukayi fuss, kumfa ta taso, robobin duk sun kumbura sunyi tauri, warin ma ya canza. Haka muka zubar da kusan jarka guda a kwata, aka aika yaro da gudu ya siyo lemon kwalba, har yau in na tuna kuɗin da ya tafi da kunyar da naji gaban dangin mijinta sai raina ya sosu. Abin da ya faru shine a jikin ɓawon 'ya'yan itace da cikin iska akwai yis irin wanda ke tayar da fanke, in ya samu sukari da ɗumi sai ya hau ci yana fitar da iska, kuma abin da yake bari a baya hanyar giya ce. Mu da muke haɗa abin sha na halak don jama'a ba zamu yi wasa da wannan ba, duk abin da ya fara kumfa yana huci zubarwa akeyi, ba a ƙara masa sukari ace a rufa asiri.

To lissafi. Mutum 50 a zafi ki ɗauka kowa zai sha kofi 2 matsakaita, wato wajen rabin lita kenan, ya kama lita 25, cikin jarka babba guda. Zaki nemi busasshen zoɓo gram 700, a mudun da nake aunawa yana kai mudu 2 amma kin san mudu ya bambanta gari zuwa gari shi yasa na fi son a ɗora min a sikeli. Abarba manya 3, kankana babba 1 irin wacce sai kin rungume ta da hannu biyu, lemon zaƙi 20, lemon tsami 6, ɗanyar citta kwatan kilo, kanumfari cokalin cin abinci 1, na'a-na'a ɗauri 1, sukari kilo 1 da rabi, sai ruwa mai tsafta lita 14 na dafa zoɓon da wani lita 1 da rabi na narka sukari. In mutanenki 25 ne ki raba komai biyu, in 100 ne ki ninka amma banda kanumfari, shi kar ki ninka shi cif, ki ƙara rabi kawai don yana da danne komai.

Zaɓen zoɓon kansa yana da muhimmanci. Ki nemi baƙin nan mai duhu kamar jinin kare wanda ya bushe ƙayau, in kin damƙa yana ƙara a hannu, shine mai kala. Ja mai haske yafi tsami kuma kalarsa bata kai ba, ni nakan haɗa kashi uku na baƙi kashi ɗaya na ja don in samu kala da ɗan tsami tare. Farin zoɓo kam barshi wa miya da fate. Ki shinshina, in kinji warin danshi ko kinga fari-fari kamar toka a jiki to yasha ruwa a ajiya, ki wuce gaba komai arharsa, araha bata ado. Mu da Allah ya bamu shi a ƙofar gida bamu cika sanin darajarsa ba, zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina buhu-buhu ake loda shi zuwa Meziko, can ma jiƙa shi sukeyi su sha da sanyi. A Nijar da Senegal bisap ake ce masa, a Ghana sobolo, a Sudan da Masar karkade, ko'ina dai maganin zafi ne.

Abarba kuma hanci ke zaɓenta ba ido ba, ki juya ta ki shinshina gindin, in ƙamshi ya daki hancinki ta nuna, in ba kiji komai ba ɗanya ce zata baki tsami da kaikayin harshe, in kuma kinji wari kamar na abin da ya kwana to ta wuce, wannan ita ce zata fara lalata miki haɗi. Kankana ki duba gefen da ta kwanta a ƙasa, in ya zama ruwan ɗorawa ta nuna a gona, in fari ne an tsinke ta da wuri, sannan ki ƙwanƙwasa, kuma dan Allah ki siyi guda ba yankakkiya da ta yini a tire ƙuda na bi ba. Lemon zaƙi kar koren ɓawo ya ruɗe ki, namu na nan yawanci kore ne ko ya nuna, nauyi zaki duba, wanda yafi nauyi a hannu shine mai ruwa. In a Kano kike kuma taron babba ne gara ki tura a siyo miki a 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, bambancin farashi da na mai tebur a unguwa ba kaɗan bane. Citta ta yi tsada bayan cutar da ta kama gonakinta a kudancin Kaduna a 2023, amma duk da haka ki daure ki sa ɗanya, busasshiya yaji ne kawai da ita babu wannan ƙamshin mai tashi.

Ana gobe taro da yamma sai ki fara kashi na farko. Ki wanke abarba tun da ɓawonta, da buroshi ko sabon soso, sosai da sosai don ɓawon zamu dafa. Ki fere, naman ki yanka ki zuba a roba mai murfi ki sa a firij, in baki da tabbacin wuta to ki bar abarba biyu da ɓawonsu sai gobe, ki fere ɗaya kawai yau ki raba wa yara naman ki ƙara siyan wata. Ɓawon da zuciyar nan mai tauri ta tsakiya ki zuba a tukunya, ki daddaka citta ba sai kin kankare ba in dai kin wanke, ki zuba, ki sa kanumfari, ki zuba ruwa lita 14 ki ɗora. In ya tafasa ki barshi minti 20 yana ɓararraka, gidan duk zai ɗauki ƙamshi.

Kafin nan kin tsince zoɓo kin cire itatuwa da tsakuwa. Wankinsa da sauri akeyi a ruwan sanyi, ki zuba a babbar roba ki cuɗa sau biyu uku ki tsame da hannu zuwa wata robar, kar ki tsiyaye ruwan ta kansa don yashin a ƙasa yake kwanciya, in kin tsiyaye ya koma ciki. Sau biyu ko uku ya isa, kuma kar ki tafi amsa waya ki barshi a ruwa, kalarki ce ke tafiya. Ba abin da ke zubar da mutuncin zoɓo irin baƙo ya kai ƙarshen kofi yaji ƙasa a haƙori.

Nan ne nake saɓawa da mutane da yawa, ni bana barin zoɓon kansa ya tafasa a kan wuta. Ruwan ɓawon nan yana gama minti 20 ɗinsa nake kashe wuta, sannan in zuba wankakken zoɓo in danna shi da muciya ya nutse in rufe tukunya, in barshi awa 1. Zafin da ke cikin ruwan ya isa ya fitar da kala da ɗanɗano gaba ɗaya. In kika barshi yana tafasa rabin awa ko awa kamar ana dafa ganda, kalar tana komawa kamar ruwan ƙasa-ƙasa kuma bauri yana fitowa, daga nan sai kiga ana ta ɗura sukari ana neman kashe baurin. Maganar tukunya kuma, zoɓo abu ne mai tsami kuma tsami yana cin alminiyam, in da hali kiyi a tukunyar silba. In babbar tukunyar dalma ta biki ce kawai gare ki to ki dafa ruwan ɓawon a ciki, sai ki juye shi da zafinsa kan zoɓon a babban kwanon silba ko baho mai fenti, kar dai ki bar zoɓo ya kwana a dalma.

Wasu suna jefa 'yar kanwa ko bakin soda wai don rage tsami. Yana ragewa kam, amma ki lura da abin da yake yi wa kala, jan nan mai kyau sai ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi-shuɗi, saboda kalar zoɓo da tsami take tafiya, in aka kashe tsamin ta mutu, in aka ƙara lemon tsami sai ta ƙara haske tayi jawur. A wannan haɗin bamu buƙatar kanwa sam, kankana da lemon zaƙi su zasu sassauta tsamin gobe.

Bayan awa ɗaya ki tace. Farko da rariya ki cire manyan, sannan da matacin kunu mai laushi wanda kika ware don abin sha kawai, ba wanda aka tace kamu ko markaɗen kayan miya dashi ba don zoɓo yana ɗaukar wari. Ki barshi ya ɗan tsaya minti 10 sai ki juye a hankali ki bar na can ƙasa, in da sauran yashi nan zai zauna. Zaki samu wajen lita 12. Kar ki sa sukari, ki barshi ya huce gaba ɗaya a buɗe da ɗan ƙyalle mai tsafta a sama, sannan ki ɗura a jarka mai tsafta ki kai firij. Kar ki ɗura da zafi a roba, tana narkewa ta bashi warin roba.

Tuƙar zoɓon da kika tace kar ki zubar, a nan dabarar da nafi so take. Ki tafasa ruwa lita 3 ki sake zubawa a kanta ki barshi rabin awa ki tace, zai fito ja amma bai kai na farko ƙarfi ba. Wannan shi zaki ƙulla a farar leda ko ki zuba a ƙananan robobi ki sa a firiza ya zama ƙanƙara. Gobe ita zaki jefa cikin haɗin, tana narkewa tana ƙara zoɓo a maimakon ruwa. Kowa ya san yadda abin sha yake daɗi a farkon taro amma waɗanda suka zo bayan la'asar sai su samu tsululu salam saboda ƙanƙarar ruwa ta narke a ciki, to wannan ita ce maganinsa. In firizarki tana da wuri ki yanka ɗan naman kankana ƙanana ki daskarar shima, yana kyau a cikin jug.

Sukari ma daren nake narka shi daban, kilo 1 da rabi a ruwa lita 1 da rabi, a ɗora a wuta a juya har ya narke ya tafasa sau ɗaya, a sauke a jefa rabin na'a-na'a a rufe, in ya huce a cire ganyen a zuba a kwalba. Amfaninsa biyu, sukari baya narkewa da kyau a abu mai sanyi, zaki ta juyawa yana kwance a ƙasa na farko suji tsami na ƙarshe suji zaƙi kamar alewa, sannan kuma da narkakke zaki iya ƙarawa kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. Mai son mazarƙwaila zata iya maye rabin sukarin da ita, tana bada wani ɗanɗano mai daɗi irin na gargajiya sai dai tana ɗan dusashe kala kuma dole a tace ta don bata rasa ɗan datti. Dabino ma ana jiƙawa a markaɗa, amma ni a taro bana sawa, yana sa kauri kuma yana saurin juyawa.

Ranar taro, awa 2 zuwa 3 kafin a fara zuwa, sai kashi na biyu. Ki wanke hannu da wuƙa da katako da blanda, ki tabbatar blandar bata warin attaruhu da albasa, in tana yi ki markaɗa ruwa da ɓawon lemon tsami a ciki ki ɗauraye. Abarba ki markaɗa da ɗan ruwan zoɓon a maimakon ruwa, ki tace ki matse sosai. Kankana bata son dogon markaɗe, ki cire 'ya'yan iya yadda zaki iya, ki kunna blanda ki kashe sau uku huɗu kawai, in kika barta tana ta gudu zata niƙe sauran 'ya'yan su baki baƙin gari a ciki. In babu wuta ma ba matsala, kankana da hannu mai tsafta ake murje ta a rariya ruwan ya fita tas, abarba kuma a goga ta a magogin kuɓewa. Lemon zaƙi shine na ƙarshe, a yanka biyu a matse, kar a jefa shi a blanda da farar fatar da 'ya'yan don ɗaci ne zalla, kuma ko ruwansa in ya daɗe a ajiye yana ɗan ɗaci shi yasa bana matse shi tun dare. Aikin matse lemo 20 yana cin hannu, ki samu 'yan mata biyu ki basu, ki dai tsaya a kansu su wanke hannu.

Yanzu haɗi. A babban bokiti mai murfi wanda abinci kawai ake sawa a ciki, ki juye zoɓo, ki zuba ruwan abarba, na kankana, na lemo, ki juya. Ki ɗebi lita 2 ki ajiye gefe tun kafin sukari, wannan na iyayenmu ne masu ciwon suga, kuma ki faɗa musu gaskiya cewa akwai zaƙin 'ya'yan itace a ciki don su san iya wanda zasu sha. Sai ki zuba kashi biyu cikin uku na narkakken sukari ki juya ki ɗanɗana. Ki tuna sanyi yana rage jin zaƙi, don haka ki ɗanɗana da 'yar ƙanƙara a kofi ba da ɗumi ba. Ki ƙara har ya miki. Lemon tsami a ƙarshe, ki fara da 3, shi aikinsa ya tayar da ɗanɗanon, in kinji haɗin yayi zaƙi amma kamar ya kwanta babu armashi to lemon tsami yake nema ba sukari ba. Abin da ake so shine ki kurɓa kiji abarba ta fara zuwa, zoɓo ya biyo da ɗan tsaminsa, citta ta tsaya a maƙogwaro a ƙarshe. In kanumfari kika fara ji to yayi yawa, ki ƙara kankana ko ruwa.

Filebo fa? Ni bana sawa a wannan. Kin kashe kuɗi kin siyi abarba 3 sannan ki ɗiga na kwalba ya danne ta, ya koma ɗanɗanon zoɓon ƙofar makaranta, asara kenan. In dai dole sai kin sa don mutanen gidanku sun saba, murfi ɗaya ya ishi jarkar gaba ɗaya. Madara kuma kar ki kusanto da ita, tsamin zoɓo yana tsinka ta, ɗanyar abarba ma tana sa ta ɗaci.

Maganar sanyi ita ce babbar fitina a watannin nan, musamman in azumi ya faɗo a ciki kamar na 2024 da muka yi shi daga Maris zuwa Afrilu, ƙanƙara ta zama gwal ana layi a kanta. In zaki siya ki siya, amma ƙanƙarar kasuwa a waje take aiki ba a cikin abin sha ba, don baki san ruwan da aka ƙulla ba kuma kinga yadda ake jibge ta a buhu a ƙasa. Ki ɗura haɗin a robobi ki rufe, ki jera a kula, ki fasa ƙanƙarar ki cusa tsakaninsu, ki ɗan zuba ruwa da gishiri cikin tafin hannu, zaki ga sun yi sanyi ƙarara da wuri. Wacce kika daskarar da kanki ita ce ta shiga ciki. Kula kuma a ajiye ta a inuwa a rufa mata bargo, a sa mutum ɗaya ya riƙe rabo, in kowa na buɗewa yana rufewa kafin awa biyu ta zama ruwa.

Inda babu firij babu ƙanƙara, randa tana nan bata mutu ba. Ki jera robobin cikin randa mai ruwa, ko ki naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhun algarara ki ajiye inda iska ke kaɗawa kina yayyafa ruwa, iskar bazara busasshiya ce tana shan danshin tana tafiya da zafin. Da wannan hikimar ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba zai kai sanyin firij ba amma yana sanyaya rai, sai dai in da wannan zaki dogara to ki dafa zoɓon da asubar ranar ba daren jiya ba, ki haɗa awa ɗaya kafin sha, kuma ki rage kankana don ita ce ta fi kowa saurin lalacewa.

Robobi dan Allah ki siyi sababbi, ana saida su dozin-dozin da murfinsu a kasuwa. Waɗanda ake tsintowa a wuraren biki da bola a wanke sama-sama baki san bakin da ya sha ba, baki san me aka zuba a ciki ba. In kuma a jug da kofuna zaki bayar yafi kyau a ido, ki yanka lemo siraran zagaye ki jefa da sauran ganyen na'a-na'a da daskararriyar kankanar nan, kar ki cika kofi fal saboda zoɓo in ya zuba a farar shadda ko leshi fitarsa sai an sha wuya, in ya faru a yi maza a ɗauraye da ruwan sanyi tun bai bushe ba. Na yara a basu a roba mai murfi kawai a huta.

Sai ki tuna ba kowa ke shan zoɓo ba. Yana ɗan saukar da hawan jini, wanda jininsa ke ƙasa dama ko yake kan magani zai iya ce miki a'a, masu juna biyu ma da yawa ana ce musu su ɗaga masa ƙafa, masu gyambon ciki kuma tsami da citta suna tayar musu musamman a buɗa baki da ciki ba komai. Saboda su nake ƙara kankana ƙarama guda in yi musu nasu daban, kankana da kokwamba 2 da aka fere da na'a-na'a da ɗan lemon zaƙi, ba citta ba lemon tsami, lita 3 ya isa, kuma sau da yawa shi yake riga ƙarewa don masu lafiyar ma sai sun ce a ɗan sam musu. In lokacin mangwaro ne zaki iya yin na tsamiya da mangwaro a matsayin na biyu, ki jiƙa tsamiya a ruwan zafi ki tace, ki markaɗa mangwaro mara zare ki haɗa, amma kar ki zuba mangwaro cikin zoɓo, kauri yake sawa kalar ta koma kamar ruwan kwata duk daɗinsa ba mai son ɗauka.

Daga lokacin da kika haɗa, in yana cikin ƙanƙara sosai zai kai dare lafiya, in a waje yake kan tebur kar ya wuce awa 2, don haka ki riƙa fitowa dashi jug-jug ba duka lokaci ɗaya ba. Abin da ya rage bayan an watse kar ki ce sai gobe, a daren ki ɗanɗana, in lafiyarsa ƙalau ki aika wa maƙwabta nasu, sauran ki ƙulla a ƙananan leda ki jefa firiza yara su tsotsa in sun dawo daga islamiyya. In kuma kina da ragowar zoɓon da baki haɗa da komai ba, ba sukari ba 'ya'yan itace, shi zai yi miki kwana 3 a firij mai sanyi, kullum ki ɗebi na ranar ki matsa lemo biyu a ciki ki kai wa maigida in ya shigo daga rana.